Amsa ga mai tambaya kan gajiya da ciwon jiki

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma, ya yara, ya aiki? Na ga tambayar da ƙanwarmu ta ajiye tun da safe, to rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari kawai in yi murya. Ga waɗanda ba su gani ba, ta ce ɗinki take yi, wuni take a kan keke, ta kwanta da gajiya ta tashi da gajiya, ga ciwon baya, ga wuya ya riƙe, kullum sai ta aika kemis an haɗo mata na ciwon jiki. Yanzu tana so ta koma na gargajiya, wane jiƙo za ta sha.

To ƙanwata, ni dai ba zan fara ba ki jiƙo ba. Gajiyar da barci ba ya kore ta, akwai abin da ke ƙarƙashinta, kuma a wajenmu mata sau da yawa ƙarancin jini ne. Ga al'ada duk wata, ga haihuwa kusa-kusa, ga shayarwa. Ki tsaya gaban madubi ki ja fatar idonki ta ƙasa, in cikin ya yi fari fat maimakon ja, in kina haki daga ɗan hawa bene, ko jiri in kin miƙe, ko kina kwaɗayin farar ƙasa da taunar ƙanƙara, to ki je a auna jininki. A haɗa da maleriya da suga da hawan jini, duk a zama ɗaya ake yin su. Kuɗin ƙwayoyin wata guda ma zai iya biya.

Shi kuma haɗin nan da ake ƙullo miki a 'yar leda, ja da fari da rawaya, ba kwali ba suna, don Allah ki daina. Yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokaci duka biyun, alhali dangi ɗaya ne. A sha su kullum, musamman ba a ci komai ba, su ne ke kawo olsa, su taɓa ƙoda. Wani ma har tiramadol yake jefawa, ki ji garau, ki ce mai kemis ya iya aiki, kwana biyu ki ga ba kya iya tashi sai da shi. In ciwo ya matsa, farasitamol ya fi sauƙi, shi ma babba kada ya wuce ƙwaya 8 na 500 a yini, saboda hanta.

Yauwa, yanzu na gida. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ki yanka tumatir, ki matsa lemon tsami a kai. Tsamin nan ba don daɗi kawai ba ne, yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ake haɗa jini da shi. Wake, alayyahu, rama, hanta in an samu hali. Amma kuma ga inda muke ɓata abin: a ci abinci a kora da shayi mai kauri. Ganyen shayi yana tare wannan sinadarin, ki bari a yi kamar awa guda tsakani. Malt da madarar da ake cewa yana ƙara jini kuwa, wallahi suga ne ya fi yawa a ciki. In kuma gwaji ya nuna jinin ya yi ƙasa sosai, zogale kaɗai ba zai ɗaga shi ba, ki karɓi ƙwayar ƙarin jini ki sha yadda aka ce, ko da bayan gida ya yi duhu, haka take yi.

Citta tana da amfani, ban musa ba. Ki daddaka ɗanya ki tafasa, ki sa 'yar zuma, tana rage tashin zuciya da ciwon mara, wasu har gaɓoɓi sukan ji sauƙi. Zoɓo kuma yana ɗan saukar da hawan jini, amma ba irin wanda muke cika wa suga ba, kuma mai shan maganin hawan jini kada ta ajiye maganinta ta ce ta koma zoɓo. Masu ciki a bi a hankali da shi. Kanwa ma a rage, gishiri ne a cikinta, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa da wankan jego mai tsanani da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Bayan naki kuwa, ni a ganina keken ne. Mutum ya sunkuya tun hantsi har la'asar, ba jiƙon da zai gyara wannan. Duk rabin awa ki miƙe, ki dafa ƙugu ki banƙare kaɗan, ki juya wuya a hankali, ki zaga tsakar gida ki dawo. Ki nemi kujera mai majingina, ki sa ƙaramin matashi a ƙugu. Da dare a tsoma tawul a ruwan ɗumi a gasa miki wurin, a bi da man kaɗe ana murzawa. Kuma ki riƙa tafiya a ƙasa, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi minti 150 a mako, kin ga rabin awa kenan sau biyar. Ruwa kuma ki duba fitsarinki, in ya yi ja-ja to ba kya sha yadda ya kamata. Barci aƙalla awa 7, na san lokacin ɗinkin sallah wannan magana tatsuniya ce, amma dai a ajiye waya in an kwanta.

Na ga wata ta kawo shawarar ƙaho. Wanda ake zargin jininsa ya yi ƙasa ba a ƙara zubar masa da wani. Wanda zai yi kuma ya tabbata sabuwar reza aka ɓare a gabansa, don ciwon hanta ta nan yake bi. Su kuma masu mota da lasifika, kwalba ɗaya ta yi basir ta yi sanyi ta yi taifot, ku dai duba lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma ko da lambar, ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da suka lissafa.

Sai dai fa in akwai ciwon ƙirji, ko ƙafa ta kumbura, ko kina ramewa ba dalili, ko ciwon bayan yana sauka ƙafa tana mutuwa, wannan asibiti ne kai tsaye. Kuma ƙanwata, in akwai abin da ke cin ranki, shi ma yana sa jiki ya mutu, ki same ni ta gefe mu yi magana. In kin yi gwajin ki ɗauki hoton takardar ki turo min in gani. Ga shi an kira magariba, sai anjimanku.