Amsa ga Malama kan koyar da apostrophe a ajin SS1

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce ɗalibanki suna sa apostrophe, wato waƙafin sama ('), duk inda suka ga harafin s, kuma its da it's sun gagare su, kina neman dabara. Na sha wannan fama shekara da shekaru, bari in faɗa miki abin da ya yi mini aiki.

Kuskurena na farko shi ne koyar da aikin alamar guda biyu a rana ɗaya, wato taƙaita kalma da nuna mallaka. Sai da na raba su da mako biyu tukun na ga haske.

Ina farawa da Hausa, don yaranmu sun san wannan waƙafin sama tun firamare, a sa'a da ma'ana da 'ya'ya. Amma a can hamza ce, sauti ne da ake furtawa. A waya ma da ita suke rubuta k'asa da d'aki idan babu haruffa masu lanƙwasa. To dole a gaya musu ƙarara cewa a Turanci ba a furta ta ko kaɗan. Daga nan sai in tambaye su asalin "zai" da "min". Nan take wani zai ce "za ya" da "mini". Kin ga mu ma muna haɗiye haruffa, sai dai Bature yana barin alama a gurbin da ya cire. Ina rubuta do not a allo, in kira yaro ya goge o da hannunsa, ya ɗiga alamar a daidai wurin. Wanda ya goge da kansa ba ya sake rubuta do'nt, wanda a da shi ne ruwan dare a littattafansu.

Za ki samu mai wayon da zai tambaye ki won't, tunda will not ba ta ba da haka. Daga tsohon Turanci take, lokacin da ake cewa wol. Haddace ta kawai za su yi, ita da shan't. Ki kuma nuna musu 's tana iya zama is ko has, 'd kuma would ko had.

Batun its da it's, dabara ɗaya ce: a warware kalmar. Idan it is ko it has ta zauna a jimlar, a sa alama, in ba ta zauna ba a bar ta. Haka your da you're, their da they're. Ina tuna musu his ba ta da alama, don haka its ta mallaka ma ba ta da ita. Akwai kuma cutar WhatsApp, "Am fine" maimakon I'm fine. Wannan kam har wasu malamai ba su tsira ba, ni kaina na gani a takardar gwajin da aka buga wa yara.

A mako na uku sai mallaka. Mu muna cewa littafin Audu, kaya gaba mai kaya baya, su kuwa Audu's book. Umarnina kullum shi ne a fara rubuta mai kayan cikakke, boy ko boys ko children, sannan a ƙara alama. Ta haka boys' da children's suke fitowa daidai. Aikin gida kuma, su kwafo allunan shaguna a unguwarsu. Sai sun kawo irin su shoe's da phone's rututu, mu gyara a aji ana dariya.

Kada ki manta da jarrabawa. A rubutun insha'i na WAEC maki 10 cikin 50 na ƙa'idojin rubutu ne, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Taƙaitattun kalmomi a wasiƙar aboki ko ɗan'uwa suke, ban da wasiƙar hukuma. Ni dai tun daga SS1 nake ba su batu ɗaya su rubuta sau biyu, ɗaya ga aboki, ɗaya ga shugaban makaranta, sannan su yi musayar littafi kowa ya zagaye na ɗan'uwansa da jan biro.