Amsar tambayar ƙanina kan manhajar masu riɗi a Maigatari

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanina na ji tambayarka, wai React zaka koya ko Laravel don ka haɗa wa masu sayen riɗi da zoɓo a kasuwar Maigatari manhajar lissafi ta intanet. To ni dai gaskiya ba nan matsalarka take ba, su biyun ma ba kishiyoyi bane, React aikinsa fuskar shafi, Laravel kuma PHP ne yana can baya wajen saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, yana magana da rumbun bayanai. Kai dai inda zaka fara kake nema, kuma wallahi ba a gaban kwamfuta ake farawa ba.

Ranar Alhamis ka tashi da sassafe ka tafi kasuwar, ka samu dillali ɗaya ka zauna gefensa har la'asar, kar ka tallata masa komai, littafinsa kawai zaka kalla. Ni abin nan ya taɓa cina. Wata uku na yi ina haɗa wa wata ƙungiyar manoman shinkafa ta wajen Haɗejia shafi, na sa kilo a ko'ina, ashe mutanen nan buhu suka sani da tiya, kuma rabin cinikin bashi ne, a ba da wani abu yau sauran sai kasuwa mai zuwa, ni kuma ban bar gurbin bashi ba ko ɗaya. Ga mutum huɗu suna ɗaya har sunan uba, dole na koma rarrabe su da lambar waya, nan ma sai ga gidan da waya ɗaya mutum uku ke amfani da ita. Sakataren ya gwada sau biyu ya ɗauko littafinsa mai baƙin bango ya ci gaba da rubutu, har yau ragowar kuɗina yana hannunsu, kuma na bi su na bi su... kai bar wannan dai.

Sai maganar sabis. Kar ka gwada a laftop ɗinka a Kano ka ce ya yi, ari ƙaramar itel ko Tecno mai ram 1 ko 2, ka shiga ƙauye inda sabis ke komawa E. Ko a Chrome ma akwai wajen rage gudun intanet a DevTools, wato kayan gwajin masu haɗa shafi da ke cikinsa. Ka rage nauyin hotuna, kuma idan sabis ya ɗauke mutum na tsakiyar shigar da buhu 40, abin da ya rubuta ya zauna a wayar, kar ya danna sau biyu lissafi ya ninka.

Au, da na ce ba nan matsalarka take ba, in gyara, tunda kai kaɗai ne fara da Laravel da rumbun bayanai na MySQL, React ya jira tukuna.

Kuma don Allah kalmar sirri ba a ajiye ta tsirara, Laravel yana da bcrypt a ciki, mai rikita ta yadda ba za a iya karanta ta ba. Takardar HTTPS, mai tsare bayanai tsakanin waya da saba, kyauta ce a Let's Encrypt. Kod ɗinka ya hau GitHub, shafin ajiyar kod, tun ranar farko, bakof, wato kwafin ajiya, na rumbun kuma kullum, a ajiye shi wani wuri daban, ba kan sabar ba, kuɗin mutane ne a ciki. In ka dawo daga kasuwar ka ɗauko min hoton shafi biyu na littafin, ka rufe sunaye, mu zana teburan rumbun bayanan tare.