Wanne ne Beethoven na asali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwanan nan na fara sauraron kiɗan Turawa na da, wanda ake kira kilasik, in na dawo daga aiki. Abu biyu sun ɗaure mini kai. In na nemi Simfoni na 5 na Beethoven a waya sai su fito rututu, kowanne da hotonsa da tsawonsa. Wanne ne na asali? Sannan wani wurin ba na jin komai sai na ƙure sauti, can kuma ya ɓarke da ƙara har gabana ya faɗi. Wayar ce ba ta da kyau, ko sai na sayi manyan sifiku?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wayarka lafiyarta ƙalau, kuma kada ka yi gaggawar kashe kuɗi.

A cikin duk waɗanda ka gani babu na asali, kuma ba za a taɓa samunsa ba. An fara kaɗa wannan simfoni, wato dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa, a birnin Biyana na ƙasar Austriya ranar 22 ga Disamba, 1808. Beethoven, Bajamushen da ya tsara kiɗan, ya rasu a 1827, shi kuwa Edison sai a 1877 ya ƙera na'urarsa ta naɗar sauti. Shekara 50 ke nan tsakani. Abin da Beethoven ya bari shi ne takarda: ya rubuta abin da kowane goge, kowace sarewa da kowane ƙaho za su yi. Mu mun saba da waƙar da mai ita ne ya rera ta da bakinsa, duk wanda ya maimaita kwaikwayo ya yi. A nan ba haka ba ne. Duk ƙungiyar makaɗan da ta ɗauki takardar ta kaɗa, nata ma cikakken aiki ne, ba kwafe ba.

Takardar kuwa ba ta faɗi komai da komai ba. Za ta ce allegro, wato da hanzari, ko adagio, wato a tsanake. To, hanzarin ya kai yaya? In ta ce a tsaya a kan sauti ɗaya a ja shi, daƙiƙa nawa? Jagoran makaɗa, mutumin nan da ke tsaye da ƴar sanda, shi ke yanke wannan hukunci, shi ya sa tsawon ya bambanta. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada. Ya naɗi kiɗan Goldberg Variations na Bach, wani Bajamushe mai tsara kiɗa, a 1955 cikin kusan minti 38, ya sake naɗarsa a 1981 ya kai kusan minti 51, domin ya rage gudu ya kuma maimaita wasu sassan da ya tsallake a da. Mutum ɗaya, takarda ɗaya, amma na farko zafin saurayi ne, na biyu natsuwar wanda ya ga jiya. Shekara ɗaya bayan na biyun ya rasu. In ka kasa kunne sosai za ka ji yana bin kiɗan da bakinsa ƙasa-ƙasa, kuma ni hakan na ƙara kusanta ni da shi.

Shawarata, ka zaɓi ɗaya ka zauna a kansa. Rubuta Beethoven 5 Kleiber ka nema. Carlos Kleiber ne ya jagoranci makaɗan Philharmonic na Biyana a 1974, kamfanin Deutsche Grammophon ya fitar, kuma har yau ban ji wanda ya fi shi ƙarfi da tsabta ba. Ka saurare shi sau biyar ko shida kafin ka taɓa na wani. Sai kunnenka ya haddace hanya tukuna zai gane inda wani jagoran ya karkata, kuma a nan daɗin kwatantawar yake.

Ka lura cewa simfonin kashi huɗu ne, duka-duka minti talatin da ɗan ɗoriya. Manhajojin waya kan nuna kowane kashi kamar waƙa mai zaman kanta, in kuwa maɓallin cakuɗa waƙoƙi na kunne sai su kawo maka na huɗu kafin na biyu. Kashe shi. Lambar Op. 67 da za ka gani kusa da suna lambar aikin ce a jerin ayyukan Beethoven. Na Bach BWV ake sa musu, na Mozart kuma K.

Batun sauti kuwa, abin da ya firgita ka da gangan aka yi shi. Yawancin waƙoƙin zamani ana matse sautinsu a situdiyo domin ya tsaya daidai wa daida daga farko har ƙarshe, ya ji daɗin saurare a mota ko a kasuwa. Masu naɗar kilasik suna barin tazarar yadda take a zauren kiɗa, daga sarewa ɗaya tilo zuwa makaɗa sama da 70 gaba ɗaya. In ka riƙa ƙarawa da ragewa da yatsa, ka rushe ginin da hannunka.

Ga yadda za ka saita. Je ka farkon kashi na huɗu, inda kowa ya shigo, ka daidaita sauti yadda ya cika kunne ba tare da ya yi zafi ba. Daga nan kada ka sake taɓa shi. Koma farko ka saurara. Idan ka iso ƙarshen kashi na uku za ka ji kiɗan ya dusashe har kamar ya mutu, sai tambari kawai ke bugawa can ƙasa, gogaye na lalube kamar mai tafiya cikin duhu. Ka daure, kada ka kai hannu. Babu tsayawa tsakanin kashi na uku da na huɗu. Sautin zai kumbura cikin ƴan daƙiƙu ya fashe, kuma a daidai nan ne manyan ƙahonin turombon ke shigowa karon farko, bayan sun yi sama da minti ashirin a zaune ba su busa komai ba. Duk wannan shirun don wannan fashewar aka tanade shi. Na ji wurin nan ban san adadi ba, har yanzu tsigar jikina na tashi.

Wannan ke nuna maka cewa abin da ka fi buƙata shi ne shiru. Fanka mai ƙara ko janareton maƙwabta sun isa su haɗiye rabin simfonin, komai tsadar sifikarka. Ni lokacin da na fi so shi ne dare in gida ya kwanta. Sauke kiɗan a waya tun da rana domin kada intanet ya yanke maka a tsakiya, ka zaɓi inganci mafi girma in data ta ba ka dama, ka rufe sanarwar saƙonni.

Abu ɗaya da zan hana ka shi ne sifikar jikin waya. Ta yi ƙanƙanta, ba ta iya fitar da amon manyan gogaye masu kaurin murya, alhali su ne ginshiƙin da komai ke tsaye a kai. Abin sawa a kunne mai matsakaicin kuɗi ya wadatar, musamman wanda ke rufe kunne gaba ɗaya. Da shi za ka ji ƙananan gogaye ta hagu, manya ta dama, masu busa a tsakiya can baya, kamar yadda aka fi zaunar da su. In wata rana ka sayi sifiku, ka tabbata biyu ne, ka raba su kamar taku biyu ko uku, ka ɗaga su daidai tsayin kunnenka, ka zauna a tsakiya nesa da su gwargwadon nisan da ke tsakaninsu.

In ka gama da Beethoven kana son abin da ba shi da hayaniya, nemi jerin kiɗan Bach na babban goge shi kaɗai, wato celo, wanda Pablo Casals ya naɗa tsakanin 1936 da 1939. Za ka ji ƴar ƙarar tsohon faifan garmaho a bayansa; bayan minti biyu kunnenka zai daina lura da ita. Fara da na ɗaya a jerin.