Tiyo da bokiti a aikin sauya ruwan kifi

Yarona, jiya da muke dawowa daga Yantala ka tambaye ni dalilin da ya sa muke wahala da tiyo da bokiti wajen sauya ruwan akwatin kifi na gilashi, alhali da ƙaramin injin jan ruwa za mu kwashe shi duka cikin minti biyar. Hayaniyar hanya ta hana ni ba ka amsa, shi ya sa na rubuto maka.

Ba duka ruwan muke son kwashewa ba. Kashi ɗaya cikin huɗu muke cirewa duk mako ko mako biyu, domin sauyi na gaba ɗaya yana gigita kifi. Akwatin da muka gani jiya tsawonsa santimita 80 ne, faɗinsa 35, tsayinsa 40, wato lita 112, saboda haka lita 28 kawai za ka fitar, kusan bokiti uku na lita 10.

Abin da muke nema yana ƙasa, cikin tsakuwa, inda kashin kifi da ragowar abinci suke ruɓewa. Shi ya sa tiyon namu yake da faffaɗan baki na roba a kansa. Idan ka cusa bakin nan cikin tsakuwa za ka ga tana tashi tana juyawa a ciki, sannan ta koma ƙasa saboda nauyinta, dattin kuma ya bi ruwa kamar hayaƙi ya faɗa bokiti. Inji ba ya da wannan haƙuri. Kafin ka tsabtace rabin tsakuwar ya shanye ruwan, wani lokaci har da ƙananan kifaye. Tiyo ba ya bukatar lantarki, sharaɗinsa ɗaya ne, bokiti ya kasance ƙasa da akwatin. Kada kuma in sake ganin ka tsotsa da baki. Ka cika tiyon da ruwa, ka toshe ƙarshensa da babban yatsa, ka kai shi bokiti sannan ka saki.

Wajen mayar da ruwa ne kifi ya fi mutuwa. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, wannan da kake jin warinsa kamar ruwan jabel, yana ƙona hanyar numfashin kifi, yana kuma kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune cikin soson matata, wato na'urar da ke tace ruwan akwatin. Ka tara ruwan a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ya wuni, ko ka ɗiga masa maganin kashe kulorin. Zafi ma abin lura ne a nan Yamai: a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ruwan tankin saman rufi yakan fito kamar an ɗora shi a wuta, alhali yawancin kifayen ado tsakanin digiri 24 da 27 suke so. Na taɓa yin asarar kifi takwas a wani gida saboda gaggawar da na yi da tsakar rana, tun daga ranar ma'aunin zafi bai bar aljihuna ba.

Kafin ka fara, ka cire filogin matata. Ka wanke sosonta cikin ruwan da ka fitar, ba a bakin famfo ba. Bokitin aikin kifi kuma kada sabulu ya taɓa shi, ko da uwargidan gidan ce ta nemi aro. Idan za ka zuba sabon ruwa, ka ɗora ƙaramin faranti a kan tsakuwa ka riƙa zubawa a kansa sannu a hankali. Ranar Asabar kai za ka riƙe tiyo, ni in riƙe bokiti.