Shawarar Lauya: Kamfanin Lantarkin Iska Na Neman Gonakinmu, Ko Kotu Za Ta Tilasta Masa Ya Ba Mu Wuta?

Tambaya: Barista, salamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Lere. Bara wasu 'yan kamfani suka kafa wani dogon ƙarfe a kan tudun bayan gari, wai iska suke aunawa. Yanzu sun dawo za su kafa manyan fankoki masu samar da lantarki, sun aiko takarda ta hannun dagaci a sa hannu. A taro sun yi alkawarin wuta kyauta, aiki ga matasa da gyaran hanya. Gonakin nan gadon kakanninmu ne. Za mu iya kai su kotu a tsayar da su har sai sun ba mu wutar da kaso cikin riba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Takardar ba ta zo hannuna ba tukuna, don haka abin da zan faɗa na iya sauyawa idan na karanta ta. Kafin nan dai kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ko da an ce ta halartar taro ce kawai.

Maganar gadon kakanni gaskiya ce a al'ada, amma doka ba haka take kallon ta ba. Tun 1978, sashe na 1 na Dokar Amfani da Filaye ya damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da kuke da shi, galibi, haƙƙin zama da noma ne irin na gargajiya. Haƙƙi ne mai ƙarfi, ba mai tashinku haka siddan, sai dai sashe na 28 ya ba gwamna damar soke shi saboda maslahar jama'a, kuma sashe na 51 ya ambaci samar da lantarki cikin abubuwan da ake ɗauka maslahar jama'a ne. Akwai shari'o'in da kotu ta rushe sokewa don an karɓi fili an miƙa wa ɗan kasuwa, ko don ba a ba mai fili sanarwa yadda doka ta ce ba. Lauya na iya gwada wannan ƙofa, amma a aikin wuta ba zan ba ku tabbacin nasara ba.

Idan har gwamnati ce ta karɓa, diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da ke kan ƙasa ce: gini, rijiya, amfanin gona, da itatuwa irin su ɗorawa, kaɗanya da mangwaro. Ƙasar ita kanta ba a saye ta ba. Nan ne mutane ke shan mamaki ranar biya. Shi ya sa, a ganina, yarjejeniyar haya kai tsaye da kamfanin, da amincewar hukumar da doka ta ce, ta fi muku alheri nesa ba kusa ba. Kowace fanka gindinta da hanyar zuwa gare ta kawai take ci, sauran filin ana ci gaba da shuka masara da kiwo a cikinsa. Kuɗin haya duk shekara, ga gona a hannu, ya fi diyyar da za a cinye kafin damina biyu.

Wuta kyauta kuwa, babu dokar da ta wajabta ta don kawai fanka na juyawa a bayan gidanka. Wutar da injinan ke samarwa tana tafiya tashar tattarawa ne, daga can ta hau babban layi, wanda ke sayar wa gidaje kuma daban ne, a yankinku Kaduna Electric. Kafin ƙwai ɗaya ya kama a ƙauyenku sai an sa taransifoma, turaku, waya da mita, kuma sai wani ya biya. Wanda ya tsaya a taro ya ce "kyauta" ya san wannan sarai, kuma ba kasafai za ka ga kalmar a takardar da ya kawo ba. Ku duba.

Kason riba ma haka, ku ba masu hannun jari ba ne. Abin da ya fi kusa da shi shi ne gyaran da aka yi wa Dokar Lantarki ta 2023 a shekarar 2024, wanda ya ce kamfanonin samar da wuta su ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu na shekarar da ta gabata don raya garuruwan da suke zaune, a hannun amintaccen da ɓangarorin biyu suka naɗa tare. A lura, kuɗin gudanarwa aka ce, ba riba ba, kuma sai an fara aiki ake lissafinsa. Ko tanadin ya hau kan wannan kamfani, sai an ga irin lasisinsa, na NERC, hukumar tarayya mai kula da harkar lantarki, ne ko waninsa. Duk da haka ku ɗora shi a kan tebur.

Amfanin da na fi yarda da shi ƙanana ne amma na zahiri. Fikafikan nan doguwar tirela ke ɗauko su, dole a faɗaɗa hanya a gyara kwalbatoci, ku kuma hanyar za ta fitar muku da hatsi zuwa kasuwar Saminaka. Lokacin gini masu tifa, masu yashi da tsakuwa, magina, masu walda, matan da ke tuwo-tuwo da masu ɗakin haya duk za su samu. Amma gini na ƙarewa aikin ya ragu zuwa masu gadi da 'yan injiniyoyi ƙalilan. Idan kuna son yaranku cikin ƙalilan ɗin, a rubuta adadin waɗanda za a horar tun yanzu, da ranar farawa.

Ranar nan kada a yi wasa da ita. Maƙwabtanmu na Lambar Rimi a Katsina, an faro maganar aikinsu na megawat 10 mai fankoki 37 tun 2005, aka shafe fiye da shekara goma bai kammalu ba. Saboda haka kada a ɗaura biyan haya a kan "ranar da aka fara samar da wuta". A ɗaura shi a ranar da aka shiga gona. A sa ƙarin haya duk bayan 'yan shekaru saboda faɗuwar naira, a sa diyyar shukar da mota ta taka, a bar burtali a buɗe, a faɗi tazarar fanka da gidaje saboda ƙara, sannan a rubuta wanda zai tuge ƙarafan ya gyara ƙasa idan aikin ya mutu.

Sauran tsarin sananne ne. Ƙungiyarku ta yi rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, don ta iya ƙulla yarjejeniya da sunanta, a auna gonar kowa a ɗauki hoton itatuwa, a bincika a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ko an riga an ba wani takarda a kan tudun. Rahoton tasirin aiki ga muhalli, bisa dokar 1992, ana baje shi ga jama'a na kwanakin aiki 21. Ku je ku karanta, ku shigar da ƙorafi a rubuce cikin wa'adin.

Kotu tana nan, sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ku damar zuwa kan diyya. Sai dai alƙali ba zai ba ku abin da doka ko yarjejeniya ba ta ba ku ba, ga shekaru, ga kuɗin lauya, kuma kamfanin na iya naɗe tabarmarsa ya koma wani tudun. A yanzu shi ke neman sa hannunku, masu ba shi bashi ma ba sa son rigimar fili. Ku zauna da shi, da dagaci da wakilin hakimi, da masu gonakin su kansu, har da matan da suka gaji fili a wurin. Idan zama ya ci tura, akwai cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Kaduna kafin a kai ga ƙara.

Ku faɗa wa dagaci cikin ladabi cewa sa hannunsa shi kaɗai ba lallai ya ɗaure mai gona ba, amma zai iya jawo muku shari'ar cikin gida. Ku nemi kwafin takardar, ku kai wa lauyan da ku kuka ɗauka, ba wanda kamfani ya kawo a motarsa ba.