Shin da gaske an taɓa yin gwanjon sarautar Rum?

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai sarkin Rum da ya sayi gadon sarauta da kuɗi kamar a kasuwa. Gaskiya ne, kuma me ya hana shi daɗewa?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Sunansa Didius Julianus, abin kuwa ya faru ranar 28 ga Maris, shekarar 193 miladiyya.

A ranar ne dogaran fada suka kashe sarki Pertinax, wanda bai cika wata uku a kan gado ba, don ya matsa musu da horo ya kuma tsuke bakin aljihu. Surukin mamacin, Sulpicianus, yana cikin bariki yana neman su naɗa shi, sai Julianus ya iso ya tsaya bayan katanga. Dogarai suka riƙa kai-komo, suna gaya wa kowa tayin ɗan'uwansa. Sulpicianus ya kai sastas (kuɗin Rum na lokacin) 20,000 ga kowane dogari, Julianus ya ce 25,000, suka sallama. Sojan bakin iyaka a lokacin sastas 1,200 yake karɓa a shekara, ka ga wannan ya haura albashinsa na shekara ashirin.

Abin da ke ba ni tausayi, Julianus ba sakarai ba ne. Ya yi gwamna a Dalmatiya (lardi a yankin Balkan) da yankin Jamus, ya jagoranci runduna, ya san inda ƙarfin daular yake. Duk da haka ya sayi dogaran birni, ya bar rundunonin da ke tsaron iyaka, waɗanda ba wanda ya shawarce su, ba wanda ya ba su ko anini. Talakawan Rum ma jifarsa suka yi da duwatsu.

Janar uku suka tayar: Pescennius Niger a Siriya, Clodius Albinus a Birtaniya, sai Septimius Severus a bakin kogin Danube. Severus ya fi kusa, ya lallashi Albinus da alkawarin gado, ya taso wa Italiya. Julianus ya roƙi Severus su raba mulki, ya ƙi. Da dogarai suka ga ba sarki sai Allah, suka janye jiki, majalisar dattawa ta yanke masa hukuncin kisa. Wani soja ya kashe shi a fada a farkon Yuni, bayan kwana 66 yana sarauta.

Severus na isowa ya tara dogaran nan ba makami, ya tuɓe su, ya kore su daga birnin, ya cike gurbinsu da sojojinsa.