Ku Tambaya Mu Amsa: Matar da ta gaji sarautar Kent

Tambaya: Anti barka da aiki. Wai da gaske ne a Ingila mace tana iya gadon sarautar gidansu? Na ji labarin wata Joan ta Kent da aka ce an yi mata aure kan aure, dan Allah ki warware mun.

Amsa: Ƙanwata gaskiya ne, amma fa a zamanin Joan sai in babu namiji a gidan. Ita Joan jikar Sarki Edward na 1 ce, an kashe babanta Edmund a 1330 tana ƴar ƙarama, sarautar yankin Kent ta bi ƴan uwanta maza har na ƙarshensu John ya rasu a 1352 bai bar ɗa ba, shi ne sarauta da filaye suka dawo hannunta, mijinta ma daga baya ta dalilinta aka riƙa kiransa da sarautar.

Maganar aure kuwa nan ne abin tausayin yake. Wajen 1340, tana da shekara 12 ko 13, ta auri wani soja Thomas Holland a ɓoye, ba sanin dangi ba izinin sarki, ya tafi yaƙi ƙasar waje, kafin ya dawo dangi sun ɗaura mata aure da William Montagu magajin sarautar Salisbury. Yarinya ce fa, ni ban ga laifinta ba da ta kasa buɗe baki a gaban manya. Holland bai haƙura ba, da ya samu kuɗi a yaƙin Faransa sai ya kai ƙara gaban Paparoma, shi kuma Montagu ya kulle ta a gida don kar ta ba da shaida. A 1349 Paparoma Clement na 6 ya ce auren farko shi ne aure, ta koma ɗakin Holland suka haifi ƴaƴa.

Holland ya rasu a 1360, shekara na zagayowa ta auri Yarima Edward mai jiran gado, ɗansu shi ne Richard na 2 da ya hau karaga a 1377 yana ɗan shekara 10.

Abin da ya fi taɓa mun zuciya wallahi wasiyyarta ce. Yarima ya riga ta rasuwa, kabarinsa yana babban cocin Canterbury, amma da ta rasu a 1385 sai aka kai ta garin Stamford kamar yadda ta nema, aka binne ta kusa da Holland, mijin ƙuruciyarta.